Madubin Bindiga Ya Ƙi Saiti? Ga Yadda Za Ka Bi Sawun Matsalar

Duk wanda ya ɗaura wa bindigarsa madubin hange ya san irin wannan rana. Ka aza gicciyen madubi a tsakiyar allo, ka ja kunama a natse, ka je ka duba, huji yana can gefe. Ka murɗa, ka sake harbawa, ya koma wancan gefen. Kafin ka ankara kwalin harsashi ya ƙare, kafaɗa ta yi tsami, zuciya kuma ta yanke hukunci cewa madubin ne jabu. A mafi yawan lokuta ba shi ba ne. Ruwa ba ya tsami banza, amma a nan tsamin yakan fito ne daga abin da ke ƙarƙashin madubin, wato mazauni da zobba da notunan da suka riƙe su, ko kuma daga mai harbin kansa.

Ga lissafin da nake so ka riƙe tun yanzu. Idan tazarar da ke tsakanin zobba biyu santimita 10 ce, ɗaya kuma ya ɗaga ko ya goce da milimita 0.1 kacal, wato kaurin fallen takarda ɗaya, harsashinka zai goce da santimita 10 a nisan mita 100. Motsin da ido ba ya gani, hannu ma ba ya ji, ya isa ya sa ka raunata dabba ta gudu ta je ta sha wuya a daji maimakon ta faɗi nan take. Shi ya sa ba na ɗaukar wannan aiki da wasa. Dokar binciken guda biyu ce: a faro daga ƙasa a yi sama, sannan a canza abu ɗaya tak a kowane gwaji.

Kafin ka taɓa komai, cire gidan harsashi, buɗe sakata, duba ciki da ido, ka kuma sa yatsa ka tabbatar ba komai. Gwajin harbi kuwa sai a filin da doka ta amince, mai tudun ƙasa a bayan allo.

Mazauni: inda aka fi shan mamaki

Sauke madubin gaba ɗaya, har zobban. Na san akwai ƙyuya a nan, domin mutum yana ganin zai rasa ɗan saitin da ya samu, amma notunan mazauni suna ɓoye ne a ƙarƙashin madubi, ba yadda za ka gwada su yana kai. Kama mazaunin da yatsu ka jijjiga. Sannan kwance shi, ka goge samansa da ƙasansa da ramukan notuna da kyalle mai ɗan sinadarin cire maiƙo. Sabuwar bindiga takan zo da man kariya daga tsatsa a cikin waɗannan ramuka, kuma notin da aka ɗaure cikin maiƙo yakan saki bayan 'yan harbe-harbe.

Akwai wata matsala da na taɓa gani da idona, wadda ta cinye wa wani abokin harbina kusan harsashi 40. Notunansa huɗu duk sun ɗauru tamau, ba wanda ke juyawa. Da muka kwance na gaba, sai muka ga ƙarshensa yana ƙyalli, ya ɗan baje kamar an doke shi da guduma. Ashe ya yi tsawo, ya nutse har ya tokari tiredin bututu a ƙasan ramin, ya tsaya cak kafin kansa ya danne mazaunin. A hannu ka ji ya ɗauru, alhali mazaunin yana shawagi a ƙarƙashinsa. Hanyar gano wannan ba wuya: ɗaura kowane noti shi kaɗai, sauran a kwance, ka jijjiga mazaunin. Duk notin da ya ɗauru amma mazauni na motsi, ya yi tsawo. A goge ƙarshensa da zarto kaɗan, ko a samo gajere. Notunan da suka zo a ƙunshi ɗaya sau da yawa tsawonsu ba ɗaya ba ne, saboda haka ka lura da wanda ya dace da gaba da wanda ya dace da baya. Bayan ka ɗaura, tura sakata ka ja ta sau da yawa. In ta yi nauyi ko ta ƙi rufuwa, wani noti ya leƙo ciki yana gogar ta.

A kan notunan mazauni ana iya sa ɗigo ɗaya na maganin riƙe tiredi mai launin shuɗi, irin Loctite 242 ko 243. Kada ka kusanci mai launin ja, domin shi sai an gasa da wuta kafin ya saki.

Ka kuma tabbatar mazaunin da zobban dangi ɗaya ne. Layin Picatinny, wato mazauni mai tsaga-tsaga da zobba ke hawa, wanda sojan Amurka suka tsayar da ma'auninsa a 1995, faɗin kowace tsagarsa milimita 5.23 ne. Na Weaver tsagarsa ta fi matsewa, milimita 4.57. Saboda haka zoben Weaver yakan hau layin Picatinny amma ya bar ɗan wasa gaba da baya, shi kuwa na Picatinny yakan ƙi zama a tsagar Weaver. Bindigogin iska da ƙananan bindigogi masu harsashi .22 da yawa suna zuwa ne da siririyar tsaga mai faɗin milimita 11 ko kashi 3 cikin 8 na inci, kuma su ma biyun nan ba ɗaya ba ne ko da yake a ido sun yi kama.

Zobba

Jikin madubi yakan zo da kauri inci 1, wato milimita 25.4, ko milimita 30, ko 34. Zoben milimita 30 ba zai taɓa riƙe madubin inci 1 ba komai ɗaurin da ka yi masa. Wannan a fili yake. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne zobba biyu masu tsayi daban da aka haɗa daga ƙunshi biyu. Jera su a kan tebur ka duba.

Idan ka aza ƙasan zoben a kan layi, tura shi gaba, wajen bakin bindiga, har sandarsa ta jingina da bangon tsagar, sannan ka ɗaure. Dalili kuwa, lokacin harbi bindiga tana tokarowa baya da ƙarfi, madubi kuma saboda nauyinsa yana so ya tsaya inda yake, sai ya zama kamar ana ingiza shi gaba. In ka riga ka jingina shi, ba shi da wurin zuwa.

Kwantar da madubin a cikin ƙasan zobban ba tare da murafensu ba. Ya kamata ya kwanta lumui, ya juya cikin sauƙi. In ka ji yana cijewa, ko ka ga gefen zobe ya tsaga fentin jikinsa, zobban ba sa kallon juna, kuma ɗaure shi a haka lanƙwasa shi ne. Masu gyaran bindiga suna da sanduna biyu masu tsini da suke gwada wannan, suna kuma da sandar goge cikin zobe har ya daidaita. Ka duba wurare uku: kada faffaɗan kan madubin ya taɓa bututu, kada hannun sakata ya gogi bayansa, kada kuma zobe ya matse daf da kumburin tsakiya inda mamurɗai (abubuwan da ake murɗawa don gyara saiti) suke ko inda jikin ya fara buɗewa.

Kafin ka ɗaure murafen, gyara nisan ido. Kai ƙarfin kusanto da hoto na madubin ƙarshe, domin a nan ne tazarar ta fi matsewa. Rufe ido, ɗaga bindigar zuwa kafaɗa yadda ka saba, kwantar da kunci, sannan ka buɗe. In ka ga baƙin zobe ya kewaye hoton, zame madubin gaba ko baya har hoton ya cika, ba ka miƙa wuya ba, ba ka kuma janye shi ba. A manyan bindigogi tazarar takan kai santimita 8 zuwa 10. Wanda ya kusantar da ido fiye da kima, bakin madubi zai fasa masa gira, kuma daga ranar zai fara runtse ido kafin harbi, wanda shi ma wata cutar ce mai wuyar magani.

Sai daidaita gicciye. Kafa bindigar ta tsaya sak da ƙaramin lebur a kan mazauni, rataya igiya da ɗan dutse a nisan mita 10 ko fiye, ka juya madubin har layin tsaye na gicciye ya kwanta a kan igiyar. Idan gicciye ya karkata, duk lokacin da ka murɗa sama, harsashi zai tafi sama da gefe a tare, kai kuma ka yi ta zargin iska.

Yanzu ɗauri, kuma ta nan ne mutane suka fi kashe madubinsu da hannunsu. Jikin madubi siririn bututun alminiyam ne, a cikinsa akwai wani bututun da ke ɗauke da gilasai, wanda mamurɗai ke turawa, wani ɗan sifirin kuma yana mayar da shi. In ka matse na waje, na ciki ya daina motsi yadda ya kamata. Sai ka murɗa taku goma ba abin da ya canza, ka harba sau biyu, girgiza ta sake shi, ya yi tsalle gaba ɗaya. Yawancin kamfanoni suna cewa a ɗaure murfin zobe da inci-fam 15 zuwa 18, wato wajen Nm 2 (duka biyun ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), amma abin da ke rubuce a takardar zobenka da ta madubinka shi ne hujja. Ka lura sosai, inci-fam ne ba ƙafa-fam ba, domin na biyun ya ninka na farkon sau 12. Sukundireba mai awon ƙarfin ɗauri ba kayan ƙawa ba ne, kuɗinsa bai kai na harsasan da za ka ɓarnatar ba. Ɗaure kaɗan-kaɗan, kana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa mai kallonta, har giɓin da ke hagu da dama na kowane zobe ya zama ɗaya. Ni ba na sa maganin tiredi a notunan murfi, domin yana sa su santsi, sai su matse fiye da abin da awo ya nuna.

Abu na ƙarshe a nan, ɗauki fensir ka ja ɗan layi a jikin madubi daf da bakin zobe. Bayan harbi goma ka duba. In layin ya ɓace a ƙarƙashin zoben ko ya yi nesa da shi, madubin yana zamewa, ka kama ɓarawonka ba tare da gardama ba.

Fara saiti daga kusa

Da farko gyara wa idonka gicciyen. Kalli farin bango ko sararin sama inda ba rana, ka murɗa zoben da ke wajen ido, kana leƙawa kana kau da kai, har gicciyen ya fito ƙal da kallon farko. Kada ka daɗe kana kallo, ido yana gyara kansa ya ruɗe ka.

Sannan mayar da mamurɗan tsakiya: murɗa a hankali har ƙarshe ba tare da tilastawa ba, dawo kana ƙirga taku har ɗaya ƙarshen, ka raba biyu. Yi wa na sama, yi wa na gefe.

Kafa allo babba a mita 25. In bindigarka mai sakata ce, zare sakatar, kwantar da bindigar a buhunan yashi, leƙa ta cikin bututu har ɗigon allo ya zauna a tsakiyar ramin. Ba tare da ka motsa ta ba, ɗago kai ka murɗa har gicciye ya hau ɗigon. Wani abu zai ba ka mamaki a nan: in ka murɗa wajen da aka rubuta UP, wato sama, za ka ga gicciyen yana sauka ƙasa. Ba lalacewa ba ce. Rubutun da ke kan mamurɗi yana nufin inda harsashi zai koma, gicciye kuwa kishiyar haka yake tafiya.

Harba uku kana auna wuri ɗaya, komai inda suka faɗa. Kada ka murɗa bayan harbi ɗaya. Harsashi ɗaya ba ya ba da labari, tsakiyar gungun hujin ita ce abin aunawa, mai bin huji ɗaya-ɗaya kuwa kullum yana gyara kuskuren da ya riga ya wuce ne.

Lissafin taku ya danganta da ma'aunin kusurwa da ke rubuce a kan mamurɗi, MRAD ko MOA. In an sa 0.1 MRAD, kowane taku santimita 1 ne a mita 100. In an sa kwatan MOA, taku ɗaya wajen milimita 7.3 ne a mita 100, ko kusan kwatan inci a yadi 100. A mita 25 kuwa kowane taku kashi ɗaya cikin huɗu na wannan yake yi, kuma a nan ne mutane da yawa ke cewa madubi ba ya amsawa. Misali gungunka ya sauka santimita 4 ƙasa a mita 25. Mai MRAD zai buƙaci taku 16, mai kwatan MOA kuma wajen 22. Wanda ya murɗa huɗu ya tsaya, ba zai ga bambancin kirki ba. Kada ka wahalar da kanka neman tsakiyar ɗigo a wannan nisa. Tunda madubi yana sama da bututu, in babbar bindiga ta bugi kamar santimita 2 ƙasa da ɗigo a mita 25, za ta hau takarda a mita 100.

Koma mita 100, ka sake harba uku ko biyar. A ce tsakiyar gungun tana santimita 12 ƙasa, 5 hagu. Mai MRAD: sama 12, dama 5. Mai kwatan MOA: sama 16 ko 17, dama 7. Bari bututu ya huce, ka tabbatar da wani gungun.

Idan mamurɗi ya ƙare ba ka iso ba

Wannan alama ce cewa madubi da bututu ba sa kallon wuri ɗaya, kuma tilasta mamurɗi ba zai gyara ba. Fara da abin da ya fi sauƙi. Wasu madubai suna da birki a mamurɗin sama, wanda ke hana shi sauka ƙasa da inda aka kafa, sai an sassauta shi kafin saitin farko. Wani kuma yakan ɗaura madubin a juye da kwata, mamurɗin gefe ya koma sama, sai ya murɗa wanda aka rubuta wa UP harsashi ya tafi gefe. Mamurɗin tsayi yana sama, na gefe yana hannun dama.

Duba ko mazauninka mai gangare ne, irin wanda aka rubuta wa 20 MOA don harbin nesa. Ɓangarensa mai kauri baya yake zama. In aka juya shi, ya riga ya saukar da harbinka da wajen santimita 58 a mita 100 tun ba ka fara ba. Ka kuma sani cewa tunda bututun ciki yana yawo ne a cikin da'ira, in ka cinye mamurɗin gefe har kusa da ƙarshe, na sama ma tafiyarsa ta ragu. Saboda haka matsalar da ka ɗauka ta tsayi ce, tana iya zama ta gefe. Gwada musanya zoben gaba da na baya, ko ka juya su, ka sake leƙawa ta bututu. In gocewar ta canza, laifin zobba ne. In tana nan, mazauni ne ko ramukan da aka huda a jikin bindigar. Maganin kirki shi ne mazauni mai notin gyaran gefe, ko zobba masu 'yan robobin ciki masu kauri daban-daban, irin Burris Signature. Cusa gutsuren gwangwani a cikin zobe ɗaya yana lanƙwasa madubi, ban yarda da shi ba.

Bindigar iska mai karyewa tana da nata hali. Bututunta sau da yawa yakan ɗan sunkuya ƙasa, sai ta buƙaci mazauni mai gangare. Mai sifirin kuma tokarinta biyu ne, baya sannan gaba, yana tura zobba baya, yana kuma kashe madubin da ba don ita aka yi shi ba, ko da ya jure babbar bindiga. Ita sai zobe mai ɗan turke da ke shiga ramin da ke saman bindigar.

Idan saiti ya ƙi zama wuri ɗaya

Siffar hujin tana magana. Gungu biyu dabam-dabam, kowanne a haɗe, yawanci wani abu ne ke tsalle tsakanin wuri biyu: noti ko cikin madubi. Huji da ke hawa a jere yayin da kake ci gaba da harbi, zafin bututu ne, musamman siriri, ko kuma bututun yana taɓa katako. In bindigarka irin wadda bututunta bai kamata ya taɓa ƙota ba ce, zura takarda a ƙarƙashinsa ka ja ta har gindi, inda ta cije nan ne matsalar. Duba notunan da suka haɗa ƙarfen bindiga da ƙota, su ma suna saki. Kada ka taɓa aza bututu kai tsaye a kan buhu ko reshe, ƙota ake azawa, kuma a wuri ɗaya kowane harbi. Harsashi ma in ka canza kamfani ko nauyi, saiti ya canza. Harbin farko daga bututun da aka wanke aka shafa wa mai yakan fita daga gungu, kada ka gina hukunci a kansa.

Sai rawar gicciye. Kafa bindigar a buhu, kada ka taɓa ta, ka leƙa kana ɗan motsa kai hagu da dama. In gicciye yana yawo a kan allo, hoton da gicciyen ba su haɗu a wuri ɗaya a cikin madubin ba, kuma duk sauyin kwanciyar kunci zai sauya inda harsashi zai faɗa. In madubinka yana da mamurɗi na uku a hagu ko zobe a gaba, murɗa har rawar ta tsaya, kada ka dogara da lambobin da ke jikinsa. Madubin farauta da yawa an kafa su ne a yadi 100 ba a canzawa, su maganinsu kwantar da kunci wuri ɗaya kullum.

Ka gwada kanka ma. Ba wani gwani bindigar ya harba uku. Ko kuma wani ya loda maka ita ba ka gani, wani lokaci da harsashi, wani lokaci wayam. In ka ja kunama a kan wayam ka ga bakin bindiga ya dunguri ƙasa, hannunka ne ke gudun tokari.

Sai duk waɗannan sun fita sannan a tuhumi madubi, shi ma da shaida. A mita 100, kana auna ɗigo ɗaya ba ka canzawa, harba uku. Murɗa sama taku 20, harba uku. Dama 20, uku. Ƙasa 20, uku. Hagu 20, uku na ƙarshe. Hujin ya kamata ya zana murabba'i, santimita 20 kowane gefe ga mai MRAD, wajen 14 da rabi ga mai kwatan MOA, gungun ƙarshe kuma ya faɗa kan na farko. In bai dawo ba, sassauta murafen zobba, ka sake ɗaurewa da awo, ka maimaita. In har yanzu bai dawo ba, ari madubin da ka san lafiyarsa ka ɗora a kan zobban nan. Idan gungu ya haɗe da shi, naka ya tafi wurin kamfaninsa tare da takardar gwajin, an rubuta nisa da yawan taku a gefen kowane gungu. Idan shi ma ya watse, bindigar ce za ta je wurin mai gyara, ya duba leɓen bakin bututu da kwanciyar ƙarfe a cikin ƙota.